Kusurwar Hamidu

Daga Talata Mafara har Bakura ba a taɓa yin masanin shari'a kamar Hamidu na Ruwan Gizo ba. Haka dai ake faɗa a majalisar ƙofar masallacinsu, inda ake kiransa Lauya. Albasa yake nomawa.

Da mahaifinsu ya rasu, alƙali ya raba gona tsakanin su uku: shi, da wansa Ayuba, da ƙanensu Sadi. Igiyar awo ba ta cuci kowa ba, sai dai rabon Hamidu ya faɗa wata kusurwa a bakin matacciyar magudanar ruwa, inda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga. Ya rantse sai ya ɗaukaka ƙara. Bai ɗaukaka ba, ya ci gaba da nomansa a gonar aro, inda layin ban ruwa kan zagayo kansa sau ɗaya a mako. Ayuba ne ya ɗaukaka, a kan Sadi kaɗai, saboda iyakar da ke tsakaninsu.

Shari'ar ta ci shekara uku a Gusau. Ana cikin haka aka gyara magudanar, kusurwar ta yi kore shar, 'yan'uwansa suka tuna cewa ƙasar ubansu ce. Lauyan Ayuba ya roƙi kotu ta rushe rabon duka a sake. Da Hamidu ya ji, tuwo ya daina wuce masa.

Ranar hukunci yana cikin albasa Sadi ya sauko daga babur.

“Yaya, ka ci!”

“Na ci mi? Ni da ban je ba?”

“To ai shi ne. Sun ce ba ka kai ƙara ba, ba a kai ka ba, ba su da hurumin taɓa abin wanda ba ya gabansu. Ni da Yaya Ayuba kaɗai suka yi wa awo.”

Hamidu ya zauna a kan kunya, ya yi hamdala, ya aika a ce wa matarsa Taibatu yau a ƙara tuwo.

Tun daga nan masu rigimar gado ke zuwa neman shawararsa. Yakan shafa gemu ya ce, “Shari'a sai da haƙuri.” Su tafi suna jinjina zurfin lissafinsa.

Taibatu kuwa ta tuna ta goge masa babbar riga don zuwa kotu a ranar ƙarshe ta wa'adin ɗaukaka ƙara. Ranar ce ruwa ya zagayo kansa, ya wuce gona.