Takalmin da Na Ƙi Jiƙawa

Ni ne mai kula da ruwa a rumfar leda ta wata Hajiya, a bayan Malumfashi, inda muke noman tumatir. Malamar gona ce ta kawo mana wani irin kilorin, ƙwayoyi da ake jefawa a tanki, ruwan ya ɗan yi launin ɗorawa. Ta ce yana kashe cutar da ke biyo ruwa, yana kuma wanke yauƙin cikin tiyo. Ta ajiye faranti mai ruwan maganin a bakin ƙofa, ta ce kowa ya taka kafin ya shiga.

Na riƙe aikin da gaske. Ina auna magani, ina rufe tanki, ina yi wa leburori wa'azin tsafta har suka sa mini suna limamin tanki. Faranti ne kawai nake tsallakewa. Na sayi takalmin fata a Funtua, na kuma ga yadda maganin ya koɗar da na wani. Kullum da safe sai na fara biyawa ta 'yar gonata ta fadama, inda tumatir ke yaushi yana mutuwa, sannan in taho rumfa da taɓon a ƙafata, in ɗaga ƙafa in wuce.

Kafin tumatirin Hajiya ya nuna, layi uku suka kwanta, daidai inda nake bi zuwa famfo. Hajiya ta tambaye ni ko maganin ne. Na ce Allah ne masani, amma dai da can ba mu ga haka ba. Wannan ta isa. Ta sallami malamar.

Ranar da malamar ta zo kwashe kayanta, ta tsaya ta dubi ƙafata.

"Baba, takalminka bai taɓa ganin ruwa ba," in ji ta.

Na ce ina kula da shi ne. Ta ce ta gani.

Sai bayan damina biyu na je na faɗa wa Hajiya gaskiya. Ta ce ita ta yafe, amma ba ita kaɗai na cuta ba. Na nemi malamar, aka ce an mayar da ita wata jiha, ba wanda ya san wacce ce.

Takalmin yana nan, bai koɗe ba. Da shi nake zuwa Juma'a, kuma a ƙofar masallaci ba a taɓa tuna mini in cire shi ba.