Kamiyon Baba Iliya da Fitilar Ja

A garajinmu idan mota ta yi pan, wato ta lalace, direba ne mai laifi tun kafin a ɗaga kabin, mazaunin direba, a duba injin. Wannan ɗabi'a tana ba ni haushi, na faɗa wa Shef Sani, shugaban garajin, a gaban idonsa, yau kuma ina faɗa muku, ku sababbin shiga.

Sunana Rabi. Shekara tara ina sharar garajin nan na Madawa, ina wanke kayan moter, wato inji, da man gazuwal. Sai da na kai talatin da huɗu na shiga karatun manya, na koyi Hausa a rubuce, na ƙara da Faransanci, daga baya anka tura ni Tawa koyon baliz, wato na'urar da ake haɗawa da mota ta faɗi ciwonta. Maza suna ce mini Gwaggo Baliz. Ina amsawa.

Har yau ranar nan ba ta fita raina ba: wata Laraba cikin Afrilu, tsakiyar kwasar albasa. Wajen ƙarfe goma wata babbar kamiyo ta shigo tana jan jiki kamar tsohuwar jaka. Direbanta Baba Iliya ne, dattijo daga wajen asibitin mishan, shekara talatin yana tuƙi. Mai motar, Alhaji Mamman, ya biyo shi bisa moto, wato babur, tun bai sauka ba yake faɗa.

"Wata biyar da sayen mota, tsohon ga ya kashe ta! Yau zan amshi makullina."

 Baba Iliya ya tsaya riƙe da hularsa. Kowa ya san idan aka amshe wa mai shekarunsa makulli, babu wanda zai sake ba shi wani.

Bari in yi wa waɗanda ba su sani ba bayani. Kamiyon da ake kawowa daga Turai yanzu suna da wata ganga a bututun hayaƙi, muna ce mata filtir. Tana tare kunkunniyar gazuwal. In ta cika, motar da kanta take ɗaga zafi ta ƙone dattin, amma sai ta samu doguwar tafiya ba tsayawa. In ba ta samu ba, fitilar rawaya ta kama a tablo, allon da ke gaban direba. In an ƙyale, ta fara ƙiftawa. Daga nan sai ja, moter ya rage ƙarfi. Ta Baba Iliya ta kai ja.

Shef Sani ya leƙa ƙasa sau ɗaya, ya kira mai walda. "A yanke gangar, a farfashe cikinta, a liƙe. Shi ke nan."

Na ce, "Shef, ba a taɓa ta sai na karanta."

"Gwaggo, albasa na jiran mota a Tama, ke kina son ki yi lakkwal, ki maida garaji makaranta?"

"Minti ashirin. In kun huda ta, ƙwaƙwalwar motar za ta gane, ƙarfin ba zai dawo ba. Sa'an nan wa za ku zaga?"

Ya yi tsaki ya koma inuwa. Na ɗauki wannan a matsayin izini.

Ga tsarin, ku riƙe shi. Da fari na haɗa baliz na karanta lambobin ciwo. Na shiga ƙasa na duba siraran tiyo biyu da ke auna matsin filtir, don in ɗaya ya tsage, motar ƙarya take yi, ta ce ta cika alhali ba ta cika ba. Lafiyarsu lau. Na duba ma'aunan zafi, suna aiki. Na zaro sandar mai na shinshina, ko gazuwal ya gauraya da shi. Bai kai na tsoro ba. Sai na buɗe tarihin motar. Sau goma sha ɗaya ta fara ƙona dattinta, sau goma sha ɗaya an katse ta. Ba wani abu da ya lalace. Mutum ne ke kashe moter.

Alhaji ya daka tsalle. "Kun ji ko! Ba na faɗa ba?"

Na ce, "Alhaji, dakata." Na juya. "Baba, don Allah, mi ke sa ka kashe ta?"

Ya dube ni kamar bai yarda shi nake tambaya ba. Ya ce, "Ɗiyata, in na bar hanya na gangara garake, sai in ji ta tana ihu ita kaɗai, ƙarƙashinta na hura wuta. Ko'ina rudu ne, ko'ina kara da busasshen haki an rufe albasa. Ran nan da idona na ga hakin da ke ƙasanta ya fara hayaƙi. In bar ta ta cinye wa mutane noman shekara? Ai gara ta mutu."

 Rudu, ga wanda bai sani ba, rumbun kara ne da ake ajiye albasa. Tartsatsi ɗaya ya isa ya ɗauke layi guda. Wallahi murna ta kama ni, domin na ga abin tun daga kai har wutsiya. Guntuwar tafiyarsa daga gari tana isa motar ta fara ƙonawa, ba ta isa ta gama ba, sai ta iso cikin garake tana kan ganiyar zafi. Wanda ya ƙera ta bai taɓa ganin rudu ba.

Na ce, "Alhaji, mutumin ga bai kashe maka mota ba. Gobara ya tare maka."

Dattin bai wuce iyakar da za a iya ƙonawa a tsaye ba, saura kaɗan dai ya wuce. Munka ja motar zuwa filin jan tsakuwa bayan garaji, na sa anka share shi ƙal, anka ajiye bokitin yashi, na kori masu kallo nesa da bututu. Na ja birki, na danna baliz. Moter ya ɗaga murya. Zafi ya haura, digiri ɗari huɗu, ɗari biyar, ya doshi ɗari shida, iska na rawa a bayan motar. Mai walda yana ihu, "Za ta fashe! Gwaggo za ta kashe mu!" Ni kuwa idona na kan lambar datti, ina kiranta da ƙarfi kamar mai gwanjo, tana sauka, tana sauka. Baba Iliya yana gefena yana addu'a ƙasa-ƙasa. Bayan minti arba'in da 'yan kai moter ya lafa da kansa. Ja ta mutu. Rawaya ta mutu. Na yi guɗa, ni da ban yi guɗa ba tun bikin ƙanwata!

Shef Sani ya zo ya leƙa tablo, ya ce, "To, ba laifi." A bakinsa wannan kirari ne.

Abin da na ɗauka ranar nan shi ne, baliz tana faɗa maka abin da ya faru, amma dalilin yana wurin wanda ke riƙe da sitiyari, kuma sai ka tambaye shi da ladabi zai ba ka.

Alhaji dai bai sauko duka ba. Ya bar wa Baba Iliya makullin yana cewa, "Tafiya ɗaya. In fitilar ga ta sake kamawa, na amshe."

Na san za ta sake kamawa in ba a canja komai ba. Don haka washegari da sassafe na rataya baliz, na iske Baba Iliya yana duba taya. Na buɗe ƙofar kabin na hau.

"Rabi, ina zuwa?"

"Tama, Baba. Za mu nemo maka fili mai tsakuwa kafin garake, inda za ta gama ihunta ba ta ƙona kowa ba. Tada mu tafi."