Ranar da Kakata Ta Hana Ni Ƙuri'a

Jiya jikana ya shigo da wata kwalbar turare, ya fesa a hannun riga, wai in faɗa masa ko ya dace da shi. Ni da ban wuce aji huɗu ba, yau ni ne alƙalin turare. To ku gyara zama, don ilimin nan a gaban babbar malama na ɗauko shi.

Shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki ina yaro, muna unguwar Shahuci. Kakata ta wajen uba idonta ya tafi, kunnen ma ya bi sahu, sai hanci ya zame mata ido. Da ƙamshi take rarrabe mu jikokinta, ko in faɗi gaskiya, da wari. Ni take kira maigidanta, ni take ajiye wa ƙanzo, kuma duk Juma'a sai ta ɗiga mini miski a bayan kunne daga 'yar kwalbar da marigayi kakana ya bari.

A daminar nan yayana ya shiga yawon siyasa, ya samo turaren fesawa na ƙasar waje, irin wanda masu manyan riguna ke wanka da shi. Na yi ta roƙo har ya fesa mini, ya kuwa cika hannu. Na nufi ɗakin kaka ina taku kamar ɗan takara.

Ina durƙusawa ta ja mayafi ta rufe kai, ta tura kwanon ƙanzo ƙarƙashin gado. Ta gaishe ni cikin ladabi, ta tambayi iyali da gajiyar hanya.

"Alhaji, ka yi haƙuri," in ji ta, "ƙuri'ata na riga na yi alkawarinta."

Na ɗaga murya na ce ni ne. Ta ce maigidanta ba ya warin maganin sauro. Matan gida suka kwashe da dariya, ni kuwa na tashi na fice, don ban taɓa zama baƙo a ɗakin nan ba.

Na dirje jikina da sabulun salo har fata ta yi zafi, na koma. Ta kamo kaina ta shinshina, ta ɗiga miskin, ta ce in je in yi wasa a rana, don sai turare ya gauraya da gumin mutum ake sanin ko sun karɓi juna. Da na dawo ta sake shinshinawa, ta jawo kwanon.

"Maigida, ina ka shige? Wani ɗan siyasa ya zo ɗazu, saura kaɗan ya cinye maka ƙanzo."

Har yau ban sani ba ko da gaske ta kasa gane ni. Allah Ya jiƙanta, ta rage mini asarar kwalabe da yawa.

Yaran yanzu a waya suke zaɓen turare, ta hoton kwalba. Jikan nawa na aike shi Ƙofar Nassarawa a ƙafa. Da ya dawo yana gumi na shinshina, na gyara hula, na ce Alhaji ya yi haƙuri, ƙuri'ata da mai ita. Sannan na laluba aljihu na ciro miskina, na ce ya matso da kunne.