Rama Ta Jawo Mini 'Yan Sanda

Jama'a, yau saura ƙiris in kwana a caji ofis saboda rama!

Kun tuna irin da Inna ta ba ni a Roni, na shuka a bayan gidanmu nan ƙauyen Ingila? Ɗazu na tsinko na yi kwaɗo. Ina tsaka da ɗaukar hotonsa a bakin taga sai na ji ana buga ƙofa. 'Yan sanda biyu! Macen ta ce, “An ce kina noman wiwi.”

Innalillahi! Gabana ya faɗi, takardun zamana kawai nake tunani. Na ce, “Wallahi ganyen ci ne!”

Muka zagaya lambun. Namijin ya murza ganye ya shinshina. Na ruga na ɗauko kwaɗon, na kai loma a gabansu. Macen ta ɗanɗana, tsami ya kama ta, ta fashe da dariya.

Ashe tsohuwar maƙwabciyata ce ta kira su, wai ganyen ya yi mata kama da wiwi. Alhamdulillahi, sun tafi. Ita kuwa ta shigo ba da haƙuri, ga ta nan zaune da cokali, wai in ƙara mata yaji!