Littafin da na karanta rabi a Cheras

Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga makarantar yaƙi da jahilci, don haka har yau da yatsa nake karatu, shafi ɗaya a wuni in Turanci ne.

Na je Kuala Lumpur renon jika, lokacin da ɗana yake digirinsa na uku. A unguwar Cheras muke, hawa na tara. Ƙofarmu na kallon ta wata Kirista 'yar Jos, malamar makaranta da ta zo ƙaro karatu. Ita ke fassara mini kalmomi masu wuya. In ta dawo da yamma takan yo mana tapau, wato ƙunshin abinci, daga kedai, shagon abincin da ke ƙasan benenmu, mu baje a tabarma.

"Hajiya, yau wace kalma ce ta kayar da ke?"

"Zauna dai, Malama, ki ga aikinki."

A cikin littattafan ɗana na ɗauko wani kan yaƙe-yaƙen da Turawa masu gicciye suka kai Ƙudus. Na isa inda suka shiga birnin suka karkashe Musulmi har cikin masallaci. Akwai Yahudawan da aka kashe a shafin, amma na tsallake su, ba su nake nema ba.

Da Malama ta shigo na nuna mata wurin. "Ga aikin kakanninki."

Ta yi dariya. "Haba Hajiya, kakannina suna kan dutse suna noman acca."

Ban yi dariya ba. Na ce ta ɗauke abincinta. Ta ɗauka, ta ja ƙofar a hankali.

Ba mai fassara, sai karatun ya ƙara nauyi. Wata biyu na yi kafin na kai inda mayaƙan nan suka wawashe Santambul, a lokacin birnin Kiristoci 'yan'uwansu, suka fasa coci-coci, suka ci zarafin mata. Na koma baya na karanta na Yahudawan da na tsallake. Ashe ba wanda suka bari.

Na dama kunun gyaɗa na ƙwanƙwasa ƙofarta. Wani Basine ne ya buɗe. Ya ce Malama ta gama karatu, ta koma gida tun makon jiya.

Lambarta ta Malesiya kaɗai gare ni, layin ma ya daina aiki. Littafin yana nan wurina. A gefen shafukan farko akwai fassarar da ta rubuta mini da fensir, daga shafi na arba'in babu.