Hawainiya a Ɗakin Yara

Yayata tun tana ƙarama muke ce mata Hawainiya. Kafin ta gama ɗaura takalmi mun kai bakin titi. Amma abin da ta kama ta kama ke nan, ko da ƙarfe ba ka ɓamɓare shi.

Da haka ta lallaɓa har ajin da ɗaliban likita ke zagaya ɗakunan asibiti. Tsarin makarantarsu kuwa, Allah ya sawwaƙe: 'yan makonni a ɗakin haihuwa, kafin ka gane inda ake ajiye safar hannu an tura ka tiyata, daga nan sai ɗakin yara. Ƙarshen shekara a haɗa maka jarrabawa duka a ka. Masu saurin hadda suka wuce, ita ta faɗi. Doka kuma ta ce wanda ya faɗi sau biyu ya tattara ya koma gida. Na ji haushi ƙwarai, don na san ba ƙwaƙwalwa ce ba ta da ita ba.

Shekarar da ta maimaita aka yi sabuwar shugabar sashe, ta rushe tsarin. Ɗalibi zai yi watanni a ɗaki guda, ya bi mara lafiya tun kwanciya har sallama, a jarraba shi nan take kafin ya matsa gaba. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ranar jarrabawar ɗakin yara aka ba ta jariri mai tsala ihu, aka ce ta saurari ƙirjinsa. Waɗanda suka riga ta sun danna masa abin awo yana kuka, ba su ji komai ba. Ita sai ta ce da uwar, "Baiwar Allah, ba shi nono tukuna."

"Lokacinki na tafiya fa," in ji mai jarrabawa.

"Na sani, ranka ya daɗe. Shi ne bai sani ba."

Yaro ya yi lamo, ta ɗumama abin awon a tafinta, ta saurara. Ta faɗi ciwon zuciyar da ke damunsa, ba gargada.

Da sakamako ya fito tana cikin na gaba-gaba. Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Baba kuwa, da ba ya yarda da asibiti ko kaɗan, ya naɗe hannun riga ya miƙa mata dantse.

"To, likita, auna ni. Kuma kada ki yi sauri."