Taken Kawuna a Bakin Jita

Ban huce ba. Inna ta ce in na yi wanka na ci tuwo zan huce. Na yi wanka har fatata ta kusa salewa, na ci tuwon da zai ƙosar da rabin Zango, shekara ta juya, har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana suna hayaƙi.

Ni makaɗin kalangu ne. Babana ya rasu ina ƙarami, ya bar mini kalangunsa da manyan kunnuwansa. A wurinmu kalangu kiɗan mahauta ne, kuma duk mahaucin da ya isa yana da takensa, wato ɗan gajeren kiɗa nasa shi kaɗai. Da an buga, ko loma ce a bakinsa sai ya ajiye, ya miƙe, jikinsa ya tsuma, ya amsa da kirari. Kawuna, wan Inna, mahauci ne. Ya zo Kumasi daga wajen Maraɗi tun yana yaro, a ƙasa, yana bin shanu. Yanzu gemunsa ya yi fari, amma wuyansa yana nan kamar na bijimi, har ba a gane inda kai ya ƙare kafaɗa ta soma. Babana ne ya ƙaga masa takensa, ni na gāje shi.

Bara, a wani biki a unguwar Asawase, wani Batone, wato ɗan asalin Kumasi, ya tsaya a kaina ina kiɗa. Siriri ne, da wando mai matse cinya wanda na rantse sai an shafa masa mai kafin ya shiga. Da safe tela ne, da yamma mai jita, kuma shi ne shugaban wasu makaɗan zamani, 'yan hayilaif. Kowa Masta yake ce masa.

"Aboki, kana so ka yi kiɗa da mu?" in ji shi, da Hausarsa mai ɗingishi.

Na ce, "Ku da kuke kiɗa kamar ana jan gwangwani a kwalta?"

Ya yi dariya, washegari na je.

A rumfar wani kafinta suke gwaji, bayan layinmu. Akwai mai ƙaho, mutumin Dahome, wanda ya haddace faya-fayan Kuba har yana atishawa da muryarsu. Akwai mai gangunan Turawa, shi kuma kiɗan sol na Amurka ne ya cinye masa kai, kowane lokaci sai ya ƙwalla ƙara kamar ya taka ƙusa. Masta kansa yatsunsa Kongo suke son zuwa. Kowa yana jan kiɗan zuwa ƙasar da yake mafarki, shi ya sa waƙoƙinsu suke fitowa kamar akuya ɗaure da igiya uku.

Wata rana sun yi ta gardama, na gaji da zama. Don tsokana kawai, na matse kalangu a hammata na buga taken Kawu. Masta ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Ya ce in sake. Na sake. Sai ya bi ni da jita, a hankali, yana lanƙwasa shi irin na Kongo. Mai ganguna ya shigo ta ƙasa da nauyin sol ɗinsa. Mai ƙaho ya jira, ya jira, sannan ya hau kanmu gaba ɗaya. Wallahi gashin jikina ya tashi. Abin da suka yi wata da watanni suna nema, ashe yana rataye a hammatata. Kafinta ya ajiye zarto ya fara rawa da ƙafa ɗaya.

Na manta cewa teburin Kawu bai yi nisa ba.

Ƙofar rumfar ta tashi sama. Ga Kawu tsaye, riga duk jini, wuƙa a hannu, jikinsa yana rawa tun daga gemu har ɗan yatsan ƙafa. Mai ƙaho ya shige ƙarƙashin wani gadon da ba a gama ba. Mai ganguna ya yi ƙarar da ta fi duk wadda ya taɓa yi kyau.

"Wa ya kira ni?" in ji Kawu.

Ya kewaya rumfar da ido. Ya dube ni.

"Kai, ɗan banzan yaro! Na bar mata tsaye a gaban tebur, na bar ƙafar bijimi a hannun ƙuda, na zo a guje, ashe wasa kake da ni a gaban masu matsattsen wando?"

Masta ya durƙusa. Ya yi ta ba da haƙuri da Hausa, da Tonanci, da Turanci, har da hannu. Ya ce bai san kiɗan yana da mai shi ba. Ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin abu mai daɗinsa ba, a taimaka a bar su su buga.

Kawu ya goge wuƙa a cinyarsa. Ya ce, "Mai jita, saurara. Wannan ba waƙa ba ce, kirana ne. In kun buga ina kusa, dole in zo. In kun buga ina nesa, kun kira ni a inda ba zan iya amsawa ba, mutane su ce an kira wane ya yi shiru. Kuna so ku buga, ku buga a gabana. Ba na nan, ba kiɗa."

Haka aka yi. Kowace Asabar da la'asar akwai rawa a farfajiyar wani otal mai shingen kwano. Kawu, wanda ko ƙofar irin wurin bai taɓa kallo ba, sai ya yi sallarsa, ya sa farar riga, ya zo a ajiye masa kujera a gefen dandamali da kwalbar lemo. Yana zaune ya haɗe rai kamar alƙali. Amma da na buga taken, sai kwalbar ta fara rawa a hannunsa. Ya miƙe. Masta ya koyi tsayar da kowa daidai wurin, a bar fili, Kawu ya buɗe maƙogwaro:

"Ni ne mai kayar da bijimi da hannun hagu! Na dama na ajiye shi sai ranar da aka sami namiji!"

Ƙaho ya amsa masa, ganguna su faɗo, wurin ya kama da wuta. Samarin Tonawa da ba su san ko "sannu" ba suka haddace kirarin. 'Yan mata suna goge masa zufa da hankici yana kawar da kai yana istigfari. A hanyar gida kullum sai ya ce mini, "Wannan ce ta ƙarshe." Ranar Juma'a kuma sai in ga ya ba da farar rigar a yi mata guga.

Sai ga sanarwa a rediyo, gab da ƙarshen shekara: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar, kuma wa'adin ko na ɗinka riga bai kai ba. Baƙo! Mutumin da ya ciyar da rabin Kumasi nama tun kafin a haifi masu karanta sanarwar! Lokacin da ya shigo da shanu, wa ya tambaye shi takarda? Cewa suka yi, nawa ne ƙafar baya? Ni da Inna an ce mu haifaffun nan ne, muna da abin nunawa. Kawu ba shi da komai sai tabon ƙaho a ƙirji. Mutanen da jiya suke roƙonsa gyara suka fara zagaya teburinsa suna ƙwanƙwasa katakon, suna duba ko zai yi musu. Mai ƙaho ya tafi ko sallama ba mu yi ba, sai labari muka ji.

Ranar tafiyar Kawu, da hantsi, na je tasha da kalanguna. Manyan motoci cike da katifu da tukwane da tsofaffi. Masta ya zo da burodi biyu a hammata, yana kuka shaɓe-shaɓe. An ɗora Kawu can saman kaya. Na matse kalangu na buga masa. Ya miƙe a kan buhunan mutane, motar tana girgiza, ya yi kirarinsa har 'yan sandan da ke wurin suka juyo. Da ya gama ya leƙo ƙasa.

"Mai jita!"

"Na'am, Baba."

"Na tafi da abina. Kada ka kira ni."

Masta ya dafa ƙirji ya ce, "Na rantse, Baba." Da kunnuwan nan nawa na ji, kuma na gaya muku ba ƙanana ba ne.

Ba a daɗe da shiga sabuwar shekara ba Masta ya aiko a kira ni shagonsa. Yana taka keken ɗinki bai dube ni ba. Wai wani mai buga faifai daga Akra ya taɓa jin mu, kuma waƙa ɗaya yake so. Kun san wacce.

Na ce, "Kawu ya dawo ne ban sani ba?"

"Aboki, ka yi hankali. Mai ƙaho ya tafi. Rabin masu zuwa rawa sun tafi. Wannan ce kaɗai ta rage mana. Kuma jitar tawa ce, ni na ɗinka waƙar."

"To buga jitarka. Wa ya hana ka?"

"Yana can nesa, ba zai ji ba!"

"Shi ya sa ya ce kada ka buga!"

Ya tsayar da keken. Ya ce in ba zan buga ba, akwai wani mai dondo, kalangun Tonawa, wanda ya iya kwaikwayo. Za su gwada ranar Asabar kafin su tafi Akra. Na ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake cewa Allah ya isa.

Ranar Asabar na sa babbar rigar babana, na ɓoye kalangu a ciki, na nufi otal ɗin. Mai tsaron ƙofa ya dubi cikina ya ce me na ci. Na ce wake. Kujerar Kawu tana nan a gefen dandamali, wani ya ɗora mata akwatin jita. Na jira. Mai dondo ya ɗaga gula ya fara taken, hannunsa ba laifi, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Kafin ya kai tsakiya na ture akwatin, na haye kujerar, na zaro kalangu na saki kiɗan dambe da duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

Ashe akwai yaran mahauta biyu a kan shinge suna kallon kyauta. Suna jin kiɗan suka diro, suka dunƙule hannu, suka fara zagaya juna a tsakiyar masu rawa. 'Yan mata suka watse, takalma masu tsini suna tashi kamar fara. Mai ganguna ya rikice ya koma bin nawa kiɗan. Mai dondo ya tsaya baki buɗe. Masta yana ihu, "Aboki! Aboki!" Ƙarti biyu suka ɗauke ni da kujerar gaba ɗaya. Na yi tafiya a sama mai nisa, ina jin na hango unguwar Tafo, sannan na sauka a kwata. Kalangu bai taɓa ƙasa ba, a kaina na riƙe shi.

Washegari Masta ya zo gidanmu kai ƙara. Inna tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Ya gaishe ta, ya zayyana duk abin da na yi, har da wanda ban yi ba.

Inna ta juya ƙosai ta ce, "Ɗana, kai ne ka yi wa yayana rantsuwa a tasha?"

"Ni ne, Mama. Amma..."

"Ka je ka dawo mini da shi. Ni da kaina zan goge masa farar riga, ku buga har gari ya gaji." Ta ƙunsa masa ƙosai a takarda ta miƙa masa. Ya karɓa, ya tafi.

Sun je Akra ba da ni ba. Bayan watanni ina wucewa ta Asawase, sai na ji daga lasifikar wani shago: jitar Masta, gangunan sol, sabon ƙaho, da farkon taken Kawu. Na tsaya a tsakiyar titi wani direba yana zagin kakannina. Amma da kiɗan ya zo inda zai faɗi a kan Kawu, sai ya kauce. Masta ya yanke masa wutsiya ya ɗinka wata. Filin da ake bari don kirari kuma, mai ganguna ne a ciki yana taka ƙusarsa. Kiɗan ba ya kiran kowa. Yara suna rawa a gaban shagon, ba su san an cire komai ba.

Na gaya wa Inna. Ta ce alhamdu lillahi, ashe Batonen ya cika alkawari. Na ce ya cika, bayan na sha ruwan kwata. Ta ce to me ya rage na fushi?

Me ya rage? Mun haɗa abin da ba a taɓa ji ba a garin nan, Kongo da Kuba da Amurka da teburin naman Zango a waƙa ɗaya, wasu da ko tafi ba su iya ba suka zauna a ofis suka ɗora rabinsa a mota. Abin da ya saura shi ne ake sayarwa a shago. Kalanguna yana rataye a ɗaki, ina fita da shi biki, ina buga wa kowa nasa. Amma wani lokaci ina zaune sai in ga yatsuna sun fara taken Kawu a kan cinyata ba da izinina ba. Sai in danne hannun da ɗayan kafin ya kai ƙarshe. Inna ta ga ina yi, ta ce ko sauro ne. Na ce eh, ƙato.